Mijina ɗan kwana-kwana ne a Amurka, ana son ya shiga ƙarar kuɗin obataim, ya sa hannu?

Maman Twins:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya san dokar aiki ta Amurka ya taimaka min da bayani. Maigidana yana aiki da hukumar kashe gobara ta garin da muke, an horar da shi kashe wuta kuma faramedik ne, wato ma'aikacin jinyar gaggawa, amma wallahi kusan shekara 3 kenan a motar ambulan kawai ake sa shi, ko tiyon ruwa ba ya taɓawa. Dutinsu awa 24 ne sai hutun awa 48, idan ya dawo ko abinci ba ya iya ci sai barci. To yanzu abokan aikinsa sun ɗauki lauya wai za su kai hukumar garin kotu kan kuɗin obataim da ba a biya su ba, sun kawo masa takarda ya sa hannu, shi kuma tsoro yake ji kar a kore shi ga yara ga kuɗin haya. Ni abin da ban gane ba, ai ana ba su obataim ɗin, to wanne kuma suke nema?

Abu Hanifa:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Rigimar a kan awa nawa ake fara lissafin obataim take. Dokar tarayya da ake kira FLSA, ta tun 1938, ta ce duk wanda ya wuce awa 40 a sati sai a biya shi ɗaya da rabi na kuɗin awarsa. Amma akwai sashe na 7(k) da ya ware 'yan kwana-kwana, su sai sun wuce awa 53 a kwana 7, ko awa 212 a kwana 28, kafin nasu ya fara. To duti irin na maigidanki idan aka baje shi yana kamawa awa 56 a sati, kin ga idan ɗan kwana-kwana aka ɗauke shi awa 3 kawai ne obataim ɗinsa, idan kuwa ma'aikacin lafiya ne awa 16. Bambancin awa 13 kenan duk sati, a shekara awa 676. A ce dala 30 yake samu a awa kuma an riga an biya shi kuɗin awannin na asali, rabin da ya rage kaɗai ya haura dala 10,000 a shekara.

A 1999 majalisar Amurka ta gyara dokar ta ce faramedik ma zai iya shiga cikin 7(k), amma da sharaɗi, sai an horar da shi kashe gobara, kuma yana da izini da alhakin kashe ta a aikinsa. Wannan kalmar ta alhaki ita ake ta ja a kotuna har yau. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ba faramedik na Los Anjelis gaskiya saboda aikin jinya kawai ake tura su, ba a sa ran su shiga wuta. Na Filadelfiya ma sun yi nasara a 2008.

Dogo:
Malam Abu Hanifa ka yi bayani amma kar a sa wa baiwar Allah rai da yawa fa. A 2008 ɗin nan dai wata kotun ɗaukaka ƙarar ta yanke akasin haka a shari'ar gundumar DeKalb ta jihar Jojiya, ta ce tunda an horar da su, an ba su kayan shiga wuta kuma kwamanda zai iya ba su umarni su shiga, to alhakin na kansu ko da ba su taɓa kashe wuta ba. Kenan ya danganta da jihar da kuke. Hajiya ki tambaye shi, suna ɗaukar kayan wuta da tukunyar iskar numfashi a cikin ambulan ɗin? Idan gobara ta tashi ana tura su ne don kashewa ko don jiran masu rauni? Nan shari'ar take.

Maman Twins:
Na tambaye shi yanzu, ya ce kayansa suna kabad a tasha ba sa tafiya da su, kuma a wajen gobara can gefe suke tsayawa. Na gode sosai. Saura maganar korar, ita ta fi damunmu gaskiya.

Abu Hanifa:
Dokar da kanta ta hana a kori mutum ko a takura masa don ya shigar da ƙarar albashi, idan aka yi hakan wata ƙarar ce daban. Ba na ce ba a samun ogan da zai sauya masa fuska ba, ana samu, shi ya sa ya riƙa adana komai a rubuce, takardun albashi da jadawalin duti, musamman wanda ke nuna ranakun da yake ambulan. Sannan irin wannan ƙarar ba a shiga ta kai tsaye don kawai abokan aiki sun shigar, sai mutum ya sa hannu da kansa an kai kotu, wanda bai sa ba ko an ci nasara ba ya ciki. Kuma lokaci na cin kuɗin, shekara 2 baya kawai ake iya nema, ko 3 idan an tabbatar da gangan aka ƙi biya, ana ƙirgawa daga ranar da takardarsa ta shiga, duk satin da ya jinkirta na can baya yana zubewa. Idan suka yi nasara sau da yawa ana ninka kuɗin, kuma hukumar ce ke biyan kuɗin lauya. Ya zauna da lauyan da wakilin ƙungiyarsu ya karanta yarjejeniyar tukuna, ya ji kaso nawa lauyan zai cira idan sulhu aka yi.

Maman Twins:
Allah ya saka da alheri. Gobe yake sauka duti, zan fito masa da takardun albashin kafin ya dawo, da sauƙi tunda ban taɓa zubar da ko ɗaya ba.