Neman shawara: in koma HND ko in nemi digiri a fannin lantarki da injina?

Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Na gama ND a fannin lantarki da Upper Credit, yanzu ina shekarar IT a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. A nan na gane aikin da raina ke so. Idan bel ya tsaya, mai lantarki ya ce laifin giyar injin ne, bakanike ya ce a duba waya, buhunan shanshera na jibge direbobi na jira. Ina son in zama mutumin da ya san ɓangarorin biyu. An ce mini Mechatronics, fannin da ya haɗa lantarki da injina, ne ya fi kusa da wannan. To in koma poli in yi HND, ko in sayi fom ɗin DE (Direct Entry, shiga jami'a kai tsaye) na JAMB? In jami'a ce, wacce? Baba ɗan fansho ne, akwai ƙanne a bayana.

Injiniya a kamfanin siminti:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafin shekaru. HND shekara 2 ce bayan IT ɗinka. Digirin injiniya shekara 5 ne, DE da ND zai sa ka aji 2, saura 4 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. Ka tuna na 2022 wata 8 ya ci. Amma ga inda bambancin yake: COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, tana rubuta mai HND a matsayin Technologist, mai digiri kuma Engineer. Mai HND da ke son sunan injiniya sai ya ƙara PGD, wato babbar difloma ta gaba da HND. Idan burinka zanen tsari da sa hannu a aiki ne, digiri ya fi maka sauƙi tun yanzu. BUK na da sashen Mechatronics, haka FUT Minna da ATBU Bauchi. Kada ka biya ko sisi sai ka tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN sun amince da kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba. Makaranta na iya zama tsohuwa mai suna, kwas ɗin kuma jiya aka buɗe shi.

Tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri:
Ɗana, ni da HND na yi aiki har na yi ritaya, kuma ban yarda a raina ta ba. Abin da ka kwatanta, wato tsayawar bel da neman inda cutar take, aikin Technologist ne tsantsa. Ranar da injin ya mutu ba mai tambayar takardarka. Za a ga ko ka iya karanta zanen fanel, ko ka san ƙarar boris da ya cinye, ko za ka taɓa jikin motar lantarkin da ke juya injin ka gane ta fara zafi kafin koyil ya ƙone. Na ga masu digiri da ba su taɓa ɗaura kwantakta, wato makunnin manyan injina, da hannunsu ba. Sai dai gaskiya guda, wajen ƙarin girma sun sha wuce ni, kuma abin ya yi mini ciwo. In ka zaɓi poli, NBTE, hukumar ilimin fasaha da ke nan Kaduna, ita ce mai tantance kwasa-kwasansu, ka duba jerinta.

Malama a tsangayar injiniya:
Duk sun faɗi gaskiya, amma ni roƙona ɗaya ne: ka taka da ƙafarka ka je. Kada ka tsaya a ofishin shugaban sashe. Ka shiga wakshof ranar aiki, ka nemi ɗan aji 4 ka tambaye shi sau nawa ya taɓa PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta, kuma mutum nawa ke kewaye na'ura ɗaya. Na san inda kayan aiki ke nan sababbi cikin leda, ba a kunna su sai masu tantancewa za su zo. Ka tambayi inda ɗalibansu ke yin SIWES, wato IT ɗin jami'a na wata 6, domin sau da yawa a can ake samun aikin farko. Sannan ka shirya wa lissafi. A jami'a za ka sha shi fiye da yadda ka saba a ND, shi ne ke kayar da 'yan DE da yawa a shekarar farko.

Wata 'yar uwa daga Zariya:
Maganar kuɗi fa? Karatu a garinku na rage haya da abinci, kuma ba ka rasa ɗan aikin wayarin na ƙarshen mako. Akwai bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara a 2024, ya shafi jami'o'i da poli na gwamnati. Bashi ne dai, za a biya, ku zauna da Baba tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga BUK saboda zan kwana a gida, amma zan cike na HND ma kada in yi biyu babu. Malama, in na je wakshof ɗin, za su bar baƙo ya shiga kuwa?

Malama:
Ka je da katin IT ɗinka ka nemi Technologist mai kula da wurin, ka gaishe shi ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka je da safe, lokacin da ake firaktikal.