Neman kalmar Hausa: me za mu kira cutar koronari idan ta kama matashi mai ciwon suga?

'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan lafiya, ina neman mu tsayar da suna ɗaya ga cutar da likitoci ke kira koronari, domin "ciwon zuciya" da muke amfani da shi ya yi faɗi: da shi ake kiran kumburin zuciya, da shi kuma ake kiran baƙin ciki. Matashi ɗan shekara 35 mai ciwon suga, idan aka gargaɗe shi da wannan suna, zai ɗauka maganar dattawa ce ko ta masu damuwa, alhali ciwon suga yana ninka haɗarin wannan cuta aƙalla sau biyu.

Asalin kalmar koronari daga Latin ne, ma'anarta kambi, saboda manyan jijiyoyin jini guda biyu, ta dama da ta hagu, sun kewaye zuciya suna ciyar da tsokarta. "Cutar kambin zuciya" ba za ta sanar da majinyaci komai ba, don haka na ajiye ta.

Sunan da ya fi yawo a bakin mutane shi ne "toshewar jijiyoyin zuciya", kuma a nan ne nake da ja. Faɗin jijiyar kimanin milimita 3 zuwa 4 ne. Yawan suga a jini yana lalata bangonta na ciki, kitse ya riƙa taruwa a wurin shekara da shekaru, hanya tana ƙara matsewa amma jini yana wucewa. A wannan mataki mutum yakan ji nauyi a ƙirji idan ya hau bene, ya lafa idan ya huta. Toshewa galibi sai ranar da tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa, wani sashe na tsokar ya fara mutuwa. Idan muka kira cutar toshewa tun daga farko, mun ɓoye shekarun da ake iya yin wani abu a cikinsu. Shawarata ita ce "tsukewar jijiyoyin jinin zuciya" ta zama sunan cutar, a bar "toshewa" ga ranar gaggawa.

Kada a yar da "jini" don neman gajarta. Jijiya a Hausa ta haɗa mai ɗaukar jini da mai ɗaukar ji, kuma ciwon suga yana taɓa duka biyun; shi ya sa wasu masu shi ba sa jin zafin ƙirji ko kaɗan, sai haki da gumi da gajiya marar dalili. Mai bayani yana bukatar raba su a baki.

Ga wadda ta zo kafin lokacinta, wato kafin shekara 55 ga namiji ko 65 ga mace a ma'aunin da likitoci da yawa ke bi, ina ganin "tsukewar wuri", wato wadda ta zo da wuri, ta zauna daidai a harshe. Masu aiki a ɗakin duba masu ciwon suga, ku gwada ta da majinyata, ku faɗa mana yadda suka fahimce ta.