Abin da ya fito daga tattaunawa kan ƙoramar da ke shayar da madatsar ruwa

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada mutum ya tsaya a bakin ƙorama yana zaton ya ga iyakar filin da take tara ruwa daga gare shi. Iyakar tana can a kan tuddai, inda ruwan sama ke rabuwa, wani ya gangaro nan, wani ya bi wani kwarin daban. Taswirar da ke nuna tsayin ƙasa za ta taimaka, amma da yawa sun fi yarda da a taka da ƙafa bayan an ɗauke ruwa, a bi sawun yashi da ciyawar da ta kwanta, don su ne ke nuna inda ruwa ya bi.

Wani ya kawo lissafi mai sauƙi: ruwan sama na milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Ba duka ke isa madatsa ba, ƙasa na shanye wani, rana ta ƙone wani.

Kan laka aka fi daɗewa, kuma a ganina da gaskiyarsu. Idan aka sare bishiyoyin gaɓa, aka yi noma har bakin ruwa, zaizaya kan kwashe ƙasar saman gona ta jibge ta a ƙasan madatsa, zurfinta ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Takin zamanin da ruwa ya kwaso daga gonaki kuma shi ke ciyar da gansakuka a madatsar. Maganin da aka ba da shi ne a bar ɗan fili mai ciyawa a gefe biyu na ƙoramar, a kuma toshe kwazazzabai da duwatsu tun suna ƙanana.