Akwatin batir ko gidan batir: wane suna ya dace da na jirgin ruwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harshe da masu sana'a. Ina rubuta bayani da Hausa a kan yadda mutum zai haɗa wa batirin jirgin ruwansa wurin zama da hannunsa, amma sunan abin ya tsayar da ni. Da Turanci “batiri bokis” ake ce masa, kuma haka wasu makanikai suke faɗa, sai dai ba na son in ari kalma alhali muna da tamu. Abu ne mai gefe huɗu da murfi, wanda ake kafewa a jikin jirgi a zaunar da batir a ciki. Sunayen da suka zo mini su ne akwatin batir, ma'ajin batir da gidan batir. Ina kuma neman yadda za a bambanta wanda aka saya haɗaɗɗe daga kamfani da wanda aka yi musamman domin wani jirgi.

Wani kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, ban ga abin wahala a nan ba. Duk abin da yake da gefe huɗu da murfi akwati ne, kuma duk wanda ka ce wa akwatin batir zai gane nan take. Ma'aji kuwa ka ajiye shi gefe, domin wurin adana abin da ba a amfani da shi ne, batirin jirgi kuma yana bakin aiki dare da rana.

Mai aikin lantarkin jirage:
Na yarda da Malam kafinta a kan ma'aji, amma ina da ja a kan akwati, kuma dalilina daga aikin ya fito. Idan Bahaushe ya ji akwati, abin da yake zuwa masa shi ne abin da ake rufewa ruf, a kulle, a ɗauka a tafi da shi. Wannan abin kuwa dole ne ya saɓa wa siffofin nan, in ba haka ba ya zama haɗari.

Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859 kuma har yau shi ya fi yawa a ƙananan jirage, yana fitar da iskar haidurojin sa'ad da ake yi masa caji, musamman in cajin ya wuce kima. Da zarar iskar nan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar da ke wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wuta, kuma tun da ta fi sauran iska rashin nauyi, sama take tashi ta taru a ƙarƙashin murfi. Saboda haka ake huda mafitar iska a can sama, a bar wata kafa a ƙasa-ƙasa da sabuwar iska za ta shiga, ba tare da an huda gindin ba, domin gindin shi ne zai tare ruwan batir in ya zube. Mutumin da ya karanta “akwati”, ya ga kuma a kan ruwa za a yi amfani da shi, hankalinsa zai ba shi ya toshe kowace kafa don kada ruwa ya shiga, wato ya yi ainihin abin da ake gudu.

Batun ɗauka ma haka yake. Dokar Amurka ta jiragen shaƙatawa masu injin fetur a ciki, wadda hukumar tsaron gaɓar tekunsu take kula da ita, ta ce idan aka ja batir da ƙarfin laba 90, wato kusan kilo 41, ko ninki biyu na nauyinsa in wannan ya fi ƙanƙanta, bai kamata ya gusa fiye da inci 1 ta kowace fuska ba. Ta kuma hana a zaunar da shi daidai saman tankin mai ko ƙarƙashinsa, ta ce a kāre kawunansa, wato inda ake ɗaura wayoyi, yadda ƙarfe ba zai taɓa su ba. Duk wanda ya taɓa ganin sifana ta faɗa tsakanin kawunan batir ya san dalilin wannan sharaɗi. Batir mai kilo 25 da ya kuɓuce a lokacin da igiyar ruwa take jijjiga jirgi yana iya tsinka waya, ya fasa jikinsa, ya malalar da asid. Abin da aka ɗaure da noti a jikin jirgi, aka yi masa taga, aka bar wa wayoyi hanyar shiga da fita, ni a wurina gida ne.

Wata malamar Hausa:
Malam mai lantarki ya kawo hujja daga sana'a, kuma harshen yana bayansa. Hausa ta daɗe tana amfani da “gida” ga wurin da aka yi domin abu ya zauna daidai a cikinsa: muna cewa gidan ashana, muna cewa gidan sauro, kuma gurbin da ake jera batura a bayan rediyo ko cikin tocila gidan batir muke kiransa. Ke nan ba ƙirƙira za a yi ba, faɗaɗa kalma ce da take bakin mutane. Akwai dai wani gyara da nake so a lura da shi. Na sha jin ana kiran baƙar robar da batirin kansa yake ciki da gidan batir, don haka idan aka rubuta “gidan batir ya tsage” mai karatu zai iya rasa wanne ake nufi. Shawarata ita ce a bar wa waccan roba “jikin batir”, a tsaya a kan haka daga farkon rubutu har ƙarshensa.

Game da tambaya ta biyu, “na musamman” ya yi faɗi da yawa, domin yana iya nufin mai tsada ko mai inganci. Abin da ake son faɗa shi ne an auna wuri kafin a yanka katako, yadda tela yake auna mutum kafin ya sa almakashi. Ina ganin “ƙirar awo” ta ɗauke ma'anar, kishiyarta kuma “ƙirar kamfani”.

Mai aikin lantarkin jirage:
Malama, Allah ya ƙara sani. “Awo” ya zauna daidai, domin rashin dacewar awo ne yake sa a yi aikin tun farko. Na kamfani ana zuba su ne da roba mai jure asid bisa girman batura da aka sani, irin rukuni na 24 da 27 da 31, cikin jirgi kuwa a lanƙwashe yake, ga shi sau da yawa ana son jera batura biyu ko uku a lungu ɗaya. Mai ƙirar awo yakan yi amfani da filawud na ruwa, ya shafe cikinsa da gam ɗin ifoksi da zaren faiba har kusurwoyi, saboda asid yana cin katako tsirara, yana cin baƙin ƙarfe da alminiyom. Yakan bar tazara kaɗan tsakanin batura domin zafi ya fita, tun da zafi yana rage musu kwana, ya kuma tanadi wurin fis kusa, domin ƙa'idar ABYC, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa, ta nemi ya kasance cikin inci 7 daga inda wuta take fitowa, ban da wayar tayar da inji.

Sai kuma a ware wa wani abu sunansa. Akwai faranti mai ɗan baki da ɗamara, marar murfi, wanda ake yawan sa wa batura rufaffu da ba sa zubar da ruwa. Shi ba gida ba ne, “mazaunin batir” ya fi dacewa da shi, kuma mai amfani da shi dole ne ya sa wa kan batir hular roba tun da babu murfin da zai kāre shi.

Wani kafinta:
Na ji hujjojinku kuma ba ni da ta cewa a kan na jirgi. Amma akwai wanda masu ƙananan kwalekwale suke amfani da shi, mai mariƙi, wanda ake sauke shi daga jirgi a kai shi wurin caji a dawo da shi. Wannan kam, ranku ya daɗe, ba zan daina ce masa akwati ba.

Mai tambaya:
Malam kafinta, a kan mai mariƙi gaskiyarka ce, kuma haka zan rubuta shi. Na kafe a jikin jirgi zan kira shi gidan batir, marar murfi mazaunin batir, robar batirin kansa kuma jikin batir. Jimlar farko ta bayanin za ta zama: “Kafin ka fara gidan batir ƙirar awo, auna tsawo da faɗi da tsayin batirin har da kawunansa, sannan ka ƙara tazarar da wayoyi za su lanƙwasa a ƙarƙashin murfi.” Malam mai lantarki, ina roƙon ka duba mini sashen mafitar iska idan na kammala shi, musamman inda bututun zai fita zuwa wajen jirgi.