Zama a faɗake: shawarwarin da suka fito a nazarin Matiyu 24 da 25

Abin da ya fi cin lokaci a tattaunawar shi ne masu yanka wa zuwan Almasihu rana. An tuna da mabiyan wani mai wa'azi William Miller a Amurka, waɗanda suka sa rai da 22 ga Oktoba 1844, wasunsu har suka bar amfanin gona ba girbi. Haka Harold Camping, wani mai wa'azi ta rediyo a Amurka, ya ambaci 21 ga Mayu 2011, ranar ta zo ta wuce. Dattawa suka ce amsar tana Markus 13:32: ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba. Don haka saƙon da ke yawo a WhatsApp yana ƙirga watannin da suka rage kafin zuwan Almasihu, kada a tura shi gaba. Ni ma ina bayan wannan sosai, domin irin saƙon nan tsoro yake shukawa a zukatan yara.

Wata uwa daga zumuntar mata ta ja hankali kan misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 25 na budurwai goma masu jiran ango da fitilu, biyar masu hikima, biyar wawaye. Ta ce dukansu sun yi gyangyaɗi har barci ya kwashe su, masu hikimar ma haka. Abin da ya raba su shi ne man da biyar suka tanada a kwalba tun da rana. Man nan, in ji ta, shi ne addu'a da karatun Maganar Allah kowace safiya, kuma ba a aronsa da tsakar dare.

Aka kuma gargaɗi matasa kada su bar makaranta ko sana'a da sunan jira, tunda Bulus ya tsawata wa Tasalonikawa kan zaman banza. Wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya kuwa, an ce ya je su shirya kafin Lahadi mai zuwa.