Cacar shayi a kan 4,294,967,297

Ɗan Farin Gada: Jama'a ga wata lamba, 4,294,967,297, ni dai na ce firam ce, babu mai raba ta cif sai 1 da ita kanta. Duk wanda ya kawo mai raba ta shayinsa na gobe a Terminus ta Jos a wuyana.

Mai POS: kai kuma ina ka kwaso wannan cikin sanyin nan

Ɗan Farin Gada: Ba daga kaina ba ne, Fermat ne, masanin lissafi na Faransa, tun 1640. Ka fara da 2 kana ninka abin da ka samu da kansa, 2, 4, 16, 256, 65,536, kowacce ka ɗora mata 1, sai su zama 3, 5, 17, 257, 65,537 kuma duk firam ne, to 65,536 sau 65,536 a ɗora 1 ita ce wannan, me zai sa ta fita daban da 'yan uwanta?

Anti Nas: Na haɗa lambobinta sun ba ni 59, ka ga 3 ba ta raba ta, na gwada 7, 11, 13 duk da saura. Kamar yaron nan yana da gaskiya fa.

Malamin lissafi: Anti ai har 65,536 za ki yi ta gwaji kafin ki yi rantsuwa, kin tsaya a 13. Ƙanina ɗauko kalkuleta ka buga 641 sau 6,700,417.

Mai POS: innalillahi wallahi ta fito daidai 😂

Ɗan Farin Gada: Malam kwamfuta ka tambaya dai

Malamin lissafi: Wace kwamfuta, Euler ne, wani masanin lissafi, ya fasa ta a 1732 da alƙalami. Kuma abin da ke burge ni ba lalube cikin duhu ba ne, ya nuna duk firam ɗin da za ta raba wannan lamba dole ta zama 64 sau wani abu a ɗora 1, sai ka ga 'yan takarar sun ragu, 193, 257, 449, 577, ta biyar ɗin nan 641 ita ta shiga.

Anti Nas: Kenan Fermat ƙarya ya shirga wa mutane shekara 92.

Malamin lissafi: A'a Anti, zato ya yi, shi da kansa ya rubuta cewa hujjar ba ta kammalu a hannunsa ba. Har yau ma bayan 65,537 ba a sake samun firam ko ɗaya a layin nan ba.

Anti Nas: Mutum ya ce yana da yaƙini babu hujja, a asibiti dai mun san sunan wannan.

Ɗan Farin Gada: To amma 6,700,417 ɗin fa?

Malamin lissafi: Ita kam firam ce, 641 ma haka.

Ɗan Farin Gada: Kun ji ko, firam biyu suka haife ta, rabin shayi zan biya.

Mai POS: ƙarfe bakwai a Terminus, da burodi da ƙwai, ni ne shaida