Taƙaitawa: tagogin tunawa a majami'un Sikotland da asalin sunayen iyali

Ga abin da aka tattauna kan ko tagogin da ake sawa a majami'u don tunawa da mamata suna iya nuna asalin sunan iyali:

1. An yi ittifaƙi cewa yawancin tagogin nan masu gilashi mai launi na ƙarni na 19 ne zuwa sama, domin kusan dukkan na dā sun salwanta bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta. Saboda haka taga tana nuna wanda aka tuna da wanda ya biya kuɗin, ba mafarin sunan ba.

2. A kwafe rubutun da ke gindin tagar harafi da harafi, sannan a gwada shi da rajistar majami'a, tunda rajistar gwamnati ta haihuwa, aure da mutuwa sai 1855 ta fara.

3. Sunayen ba tushensu ɗaya ba. "Mac" na nufin ɗan wane, Stewart muƙami ne, Campbell kuwa laƙabi ne, mai karkataccen baki.

Inda aka rabu shi ne ko suna ɗaya yana tabbatar da jini ɗaya. Wasu sun ce haka ne, wasu suka kawo hujjar MacGregor, sunan da aka haramta a 1603, har masu shi suka ari waɗansu sunaye. Ni dai hujjar nan ta fi gamsar da ni.